Shekarar da Auta Ta Sauka daga Kujerar Direba

Auta ƙanwata ce, ita ce ta ƙarshe a ɗakinmu, kuma sana'arta koyar da tuƙin mota. In ka taɓa ganin wata 'yar farar mota mai jan tambari a baya tana tafiya kamar mai ciwon ƙafa, wata baiwar Allah ta ƙanƙame sitiyari ta zaro ido, to wadda ke gefenta tana dariya ita ce Auta.

Gado ta yi. Baba direban bas ne har ya ajiye aiki, kuma ya so a ce ɗaya daga cikin yayyenta maza ya ɗauki sana'ar. Ɗaya ya zama malamin lissafi, ɗayan kuwa ko keke ya hau sai an bi shi da addu'a. Auta ce tun tana 'yar mitsitsiya take maƙalewa a bayan kujerar Baba tana kallon ƙafafunsa. Da ta girma ta samu aiki a wata makarantar koyon tuƙi, mata suka yi ta layi a kanta, don ba ta tsawa kuma ba ta ce wa mutum daƙiƙi. Bayan rasuwar Mama ita ta zauna da Baba a gida. Ni ina aure a unguwar da ke gaba, ina da shagon takalma a bakin titi.

Abin da aka fi sanin Auta da shi kai ne, wato kaifin ƙwaƙwalwa. Duk garin yana cikin kanta, har lungunan da ruwa ke kwanciya in an yi sama. Tana iya kallon madubi, tana lura da ƙafar ɗaliba a kan kuloci, tana ba ta labarin wata ɗaliba da ta taɓa shiga shagon aski da ribas, kuma a cikin wannan hali ta hango mai babur da zai faɗo musu daga hagu. Ga kwaikwayon murya. In ta dawo da yamma sai ta yi mana ɗalibanta ɗaya bayan ɗaya, Baba ya yi ta dariya har ya sarƙe.

Abin ya faro ne daga ciwon sugan Baba. Likita ya ce ya rage zaƙi, ya rage kaza da kaza. Auta ta karɓi aikin kula da cimarsa, kuma ita ba ta san rabin abu ba, in ta kama sai ta ga ƙarshensa. Ta daina shan suga don kada Baba ya ji shi kaɗai aka hana. Muka yaba mata. Daga nan ta bar burodi, ta bar mai, ta bar shinkafa. Ɗalibanta suka fara ce mata, "Malama, kin yi fes, me kike sha ne?" Duk wanda ya yaba, sai ta sake cire wani abu daga farantinta.

Ni dai ba ramar na fara gani ba, don Auta mai son manyan riguna ce. Kan na fara gani. Wata rana muna zaune a falo, ni da maigidana da Baba, ta kawo wa Baba shayinsa ba suga. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya ce, "Wannan shayin ko maƙiyina ba zan ba shi ba. Sai dai surukina." Muka kwashe da dariya, har shi surukin. Auta ta tsaya da tire a hannu tana kallonmu, ta ce, "Baba, ai shi ba shi da ciwon suga."

Na ɗauka wani sabon barkwanci ne, na jira ta fashe. Ba ta fashe ba. Da gaske take.

Daga nan abubuwa suka yi ta biyo baya. Kwaikwayon murya ya tsaya. In ka aika mata saƙo a waya sai ta karanta, ta sake karantawa, sannan ta kira ta ce me kake nufi. Ta fara kiran ɗalibanta da "ke" saboda sunayen sun daina zama. Wata safiya na same ta tsaye a gaban sif da gyale biyu a hannu, shuɗi da ruwan toka, ta kasa zaɓar ɗaya, har hawaye ya taru mata. Kuma komai ya zama doka. Kofi ɗaya take shan ruwa da shi, in an wanke an ajiye shi a wani wuri daban sai gidan ya ɗau zafi. A wurin aiki ta tsayar da hanya guda, ita za a bi kullum, ita da da take cewa wanda bai ɓata ba bai koyi gari ba.

Abin da ya fi rikita mu shi ne, ba wanda ya kai ta zancen abinci. Kullum tana kallon masu girki a waya. Ta iya soye-soyen da ba mu taɓa ji ba, ta cika mana kuloli ta aiko, ta kira ta tambayi yadda ya yi a baki, gishiri ya ji ko bai ji ba. In ka ce ita fa, sai ta ce ta ci a kicin. Na ce mata, "Auta, anya lafiyarki?" Ta ce, "Yaya, ban taɓa jin kaina ya washe kamar yanzu ba." Tana faɗar haka tana sanye da rigar sanyi, ana zafin da kowa ke fifita.

Wadda ta kawo ƙarshen wannan rufa-rufa wata ɗalibarta ce da ake kira Goggo Birki. Tsohuwar shugabar makarantar firamare ce, ta ajiye aiki ta sayi mota, ta rantse sai ta tuƙa abarta da hannunta. Auta ce ta sa mata sunan, saboda ko leda iska ta kaɗo kan titi sai ta taka birki har goshinsu ya kusa taɓa gilashi. Goggon ce ta ba ni labarin abin da ya faru.

Ran nan sun fita, sai suka tarar an rufe hanyar da suka saba bi ana gyaran kwalbati. Auta ta ce su yi musanyar kujera, ita za ta fitar da su. Motar koyo kuwa birki biyu gare ta, ɗaya a wajen direba, ɗaya a ƙarƙashin kujerar malami, inda Goggo ta koma ta zauna. Suka juya suka isa babban shataletale, Auta ta shiga. Ta zagaya ba ta fita ba. Ta sake zagayawa. Goggo ta ce a ranta ƙila darasi ne, ta gyara zama tana lura. Da suka sake wuce mai sayar da jaridun nan, har ya ɗaga musu hannu kamar ya san su, sai ta ce, "Malama, ni fa jiri nake ji."

Auta ta ci gaba da zagayawa. Idonta na tsalle daga wannan mafita zuwa waccan.

Goggo ta ce da ni, "'Yar nan, abu ɗaya na iya a duniyar mota, kuma ran nan ya yi rana." Ta bari sai da suka matso gefe, ta sa ƙafa ta taka birkin malami, a hankali, yadda Auta ta yi wata da watanni tana roƙonta ta taka. Motar ta tsaya, na baya suka yi ta danna oda. Auta ta kifa kai a sitiyari ta ce, "Goggo, duk hanyoyin nan na san su. Na kasa zaɓar ɗaya ne."

Suka sake musanyar kujera, Goggo Birki ce ta tuƙo su har ƙofar shagona, a giya ta ɗaya, tana salati tun daga can. Ta fito gumi sharkaf, ta kama hannuna ta ce, "Na yi shekaru ina kallon yaran da suka zo aji ba su karya ba. Na san idon. Ƙanwarki yunwa ce ke cin kanta."

Kai ta asibiti bai zo da sauƙi ba. Ta ce rana ce ta buge ta, ta ce mun haɗa mata kai, ta kawo hujjoji masu tsari kamar lauya, duk a kan abu ɗaya. Mai makarantar tuƙin ne ya taimake mu. Ya karɓi makullin motar ya ce ba zai mayar ba sai likita ya yarda. Saboda makullin nan ta bi mu.

Likitar da ta gan ta wata mace ce mai sanyin magana. Ta auna ta, ta saurari zuciyarta, ta ce bugun ya yi ƙasa, sai an kwantar da ita. Ta zaunar da ni da Baba ta ce sunan ciwon anoreksiya, ciwon ƙin cin abinci, kuma ba taurin kai ba ne, ba kuma iyayi ba. Ta ce ƙwaƙwalwa na cikin gaɓoɓin da suka fi cin abin da mutum ya ci, in ta rasa sai ta rufe duk abin da ba dole ba, wasa da tuna suna da sauya shawara, ta bar tunani ɗaya tal yana juyawa, na abinci da tsoronsa. Ta ce mafi wuyar al'amarin, kan da zai gane yana ciwo shi ne ciwon ya kama.

Baba ya share ido da hularsa. Can ya ce, "Likita, ni an hana ni ci ina so, ita an ce ta ci ta ƙi. Ba yadda za a yi a musanya mana ciwon?" Likitar ta yi dariya har ta ajiye biro. Auta tana kan gado ta dube shi ta ce, "Ba a musanya ciwo, Baba."

A asibitin ne ta fara faɗa mana abin da ke cikin kanta. Akwai wata mai ba da shawara da take zama da ita suna hira, ita ta buɗe mata baki. Auta ta ce da ni, "Yaya, kin san fasinjan nan da yake zama a baya yana koya wa direba tuƙi? Ka yi dama, ka rage gudu, ka ga ka yi kuskure. To irinsa ne a kaina, ba ya sauka. In na ɗauki cokali ya ce ajiye. In na ajiye ya ce yauwa, gobe ki ƙara ragewa." Da Baba ya ji, ya buga cinya ya ce ai ya san irinsu, ya kwashe shekaru yana ɗaukarsu, ba a musu da su kuma ba a bin maganarsu, tuƙinka kawai kake yi. Tun daga ranar sunan abin ya zama Fasinja a gidanmu. In ta tsaya tana juya cokali a faranti sai Baba ya ce, "Me Fasinja ya ce?" Ta ce, "Ya ce ya yi yawa." Ya ce, "Gaishe shi. Ci abinki."

Da aka sallame ta, teburin gidan ya zama abin kallo. Ga Baba da ɗan farantinsa yana leƙen nata, ga ta da nata tana hararar nasa. Shi yana gadin ta cinye, ita tana gadin kada ya saci ayabarta. Likita ta hana ta shiga kicin da hawa sikeli, don haka girki ya dawo hannuna, nakan rufe shago da rana in zo. Baba ya ce tun da yake bai taɓa sanin ana iya ƙona ruwan zafi ba sai a hannuna.

Kada in sa a ɗauka duk dariya ce. Akwai ranar da ta jefar da faranti. Akwai lokacin da wandonta ya matse ta, ta koma baya, muka gano tana ɓoye burodi a aljihun rigar sanyi, sai da aka koma wurin likita aka sake ɗaura ɗamara. Kuma jikin ya riga kan dawowa. Kumatunta sun ciko, maƙwabta suna ta barka, amma in ka ba ta jarida sai ta kai ƙarshen sakin layi ta manta farkonsa. Wannan ya fi komai ba ta tsoro. Ta tambayi likita ko shi ke nan kanta ya tafi. Likitar ta ce mata a yawancin mutane yana dawowa, sai dai shi ne baƙon da yake zuwa a ƙarshe, kuma ba ya zuwa sai an ci gaba da ci ko da an ga jiki ya yi kyau.

Haka kuwa aka yi, ya dawo a gutsure. Wata safiya ina shanya a tsakar gidan Baba sai na ji dariya daga banɗaki, irin wadda mutum ke riƙe ciki. Na ruga na buga ƙofa na ce lafiya? Ta ce, "Yaya, musanya ciwo! Baba ya ce a musanya mana ciwo!" Maganar da aka yi tun tana kwance a asibiti, sai ran nan ta iso. Baba ya ce bai taɓa ba da barkwancin da ya yi doguwar tafiya irin wannan ba, ko bas ɗinsa bai taɓa makara haka ba.

Bayan dariya sai kuka ya zo, sai fushi. Tallar sabulu ta gani a talabijin, uwa tana yi wa jariri wanka, ta yi ta kuka. Ta yi faɗa da yayanmu malamin lissafi a kan wata magana da ya faɗa mata tun suna yara. Mai ba ta shawara ta ce alama ce mai kyau, da can yunwa ta daskarar da komai, yanzu yana narkewa. Muka ce to Allah ya sa ya gama narkewa kafin ta tuno namu laifin.

Wata rana kuma ta tsaya a falo tana kallon bango ta ce, "Yaushe aka canza fentin nan?" Muka kalli juna. Ita ta zaɓi launin, ita ta tsaya a kan masu fentin. Ba ta tuna ba. Da muka zauna muna lissafa mata abubuwan da suka faru a shekarar, sai ta ga kamar labarin wata ake ba ta. Ta ce abin da take tunawa kawai shi ne abin da ta ci da abin da ba ta ci ba. Sai ta ce, "Amma dai launin nan bai yi ba. Wa ya bar mara lafiya ta zaɓi fenti?"

A tsawon lokacin nan an hana ta tuƙi, kuma ban taɓa ganin fasinja mai wahalarwa irinta ba. Goggo Birki, wadda ta samu lasisinta a hannun wani malamin, ita ta ɗauki nauyin kai ta asibiti duk ranar ganin likita. Da farko Auta takan zauna shiru kamar kaya. Ranar da Goggo ta dawo da ita tana ƙorafi, wai tun daga gida har asibiti Malama ba ta bar ta ta sha iska ba, sigina, madubi, kin matse mai keke, sannan ta kwaikwayi yadda take salati a kan kwana, ranar na san ƙanwata ta kusa isowa gida.

Da likita ta yarda, mai makarantar ya mayar mata da makulli, ta fara da rabin yini. Sharaɗin shi ne ta tsaya ta ci abincin rana a zaune, ba a cikin mota ba. Takan zo shagona, mu baje a bayan kantar shagon tsakanin kwalayen takalma. Ɗalibanta sun ce ta canza. Da can in mace ta daskare a tsakiyar titi, Auta takan yi mata wasa har ta saki jiki. Yanzu kafin wasan takan ce, "Na san yadda kai yake kullewa. Kada ki yi tunanin titin duka. Abu ɗaya za ki yi, saki kuloci a hankali." Kuma takan tambayi kowace ɗaliba ko ta karya kafin ta ba ta sitiyari.

Ban ce ta rabu da abin kwata-kwata ba. Har yanzu tana zuwa ganin mai ba ta shawara, kuma in aka gayyace ta cin abinci ba shiri takan kira ni daga waje, mu yi 'yar magana, sannan ta shiga. Ni ma na koyi kame bakina, ba na ce wa kowa ya rame ko ya yi ƙiba, ko da kuwa mai sayen takalmi ce ta tambaye ni.

Kwanan baya wata matashiya kurma ta zo makarantar tana son koyon tuƙi, malaman suka yi ta tura wa juna. Auta ta ce a ba ta ita. Ta samo wata mai koyar da maganar hannu, tana zuwa wurinta da yamma in ta tashi aiki, ta dawo gida da sababbin kalmomi a yatsu. Ta haddace hagu da dama da tsaya da sannu, ta wuce nan ta shiga hira. Ita da ɗalibar sun ƙirƙiro nasu alamun na cikin mota, don idon mai tuƙi ba zai bar titi ya koma kan hannun malama ba, sai taɓa kafaɗa da ƙwanƙwasa gaban mota. Jiya a shagona tana cin taliya da kifi da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana ta yi mini wasu alamu tana ƙunshe dariya. Na ce me take cewa. Ta ce yabona take yi.

Na ce, "Auta, ƙarya kike."

Ta ce, "To ki je ki koya mana, Yaya, sai ki kama ni."